Askar Gado da Jinin Ladi

Borneo, farkon Oktoba

Fadila,

Sallama da gaisuwa irin ta wanda kewa ta ishe shi. Ina fata kina lafiya, ƙafar ta rage kumburi, kuma abin da kike ɗauke da shi yana motsi yadda ake so. Na ji daɗi da kika koma gidan Kawu Mati goyon ciki, don na san Inna ba za ta bar ki ki ɗaga ko buta ba. Ki durƙusa ki gaishe mini da su, in har durƙuson yana yiwuwa yanzu.

Ki yi haƙuri da rashin kira. Sansaninmu cikin dajin wannan tsibiri na Borneo yake, waya ba ta kamawa sai ranar da kwalekwale ya gangara gari. Shi ya sa nake rubutu a takarda, in ɗauki hotonta, in turo miki idan na samu hanya. Ke ma ki riƙa yin haka, ya fi saƙon murya da duk gida za su ji.

Kin ce har yau ba ki gane aikin da ya raba ni da Daura ba, sai dai ki ce wa mutane mijinki likitan birai ne. To bari in sake gwadawa. Birai ne manya, jajaye, ana ce musu orangutan. Waɗanda ke hannunmu an ƙwato su ne daga masu kulle su a keji, ko an tsinto su bayan an sare dajinsu. Kafin a mayar da biri daji sai an tabbatar lafiyarsa ƙalau, shi kuwa ba ya cewa nan ke mini ciwo, sai dai jininsa ya faɗa. Aikina in auna jinin masu lafiya da yawa, in ga yawan jan jininsu, da ƙwayoyin da ke yaƙi da cuta, da alamomin hanta da na ƙoda. Idan muka san yadda jinin mai lafiya yake, za mu gane marar lafiya tun bai kwanta ba.

Akwai wata uwa da na sa wa suna Ladi, don ranar Lahadi aka kawo ta da ɗanta maƙale a ƙirji. Ta koyi miƙo hannu ta cikin wani bututu a ɗebi jininta, ladanta cokalin zuma. In zumar ta yi kaɗan sai ta janye hannun ta juya mini baya, kamar wata da na sani a unguwar Kusugu.

Kwanan nan dai ba na zuwa wurinsu, an mayar da ni ɗakin gwaji na ɗan lokaci. Ba wani abu ba ne.

Ga abin da nake so ki yi mini. Ki je asibiti, ban da awon da kika saba, ki nuna wa likita sunan gwajin da na rubuta da Turanci a ƙasan takardar nan, a ɗebi jininki, ki turo mini sakamakon. Kada ki faɗa wa Inna, balle Kawu. Sannan a asibiti nake so ki haihu, kuma idan Allah ya sauke ki lafiya, kada a yi wa yaron komai sai na yi magana. Bayani zai biyo baya.

Naki,
Saminu

*

Daura, tsakiyar Oktoba

Yaya,

Amin, wa alaikassalam. Muna lafiya, an yanke gero, Inna ta sa ni gaba da fura da nono kamar mai kiwon ragon layya. Baba ya amsa gaisuwarka, ya ce a tambaye ka ko biran nan suna aski, ya zo ya kafa rumfa. Durƙuso kuwa ya gagara, a tsaye na isar.

Na karanta takardarka na sake karantawa har waya ta mutu a hannuna. Labarin Ladi ya ba ni dariya, kuma ban yafe sharrin juya baya ba. Amma daga inda ka ce "ba wani abu ba ne" dariyar ta tsaya. Yaya, gida ɗaya muka tashi tun rasuwar Gwaggo, mahaifiyarka. Ranar da ka faɗo daga kan mangwaro hannunka yana reto, da Baba ya tambaye ka, "ba wani abu ba ne" ka ce. Ruwa ba ya tsami banza.

A wurin awo an ɗebi jinina, an ce ba ni da ƙarancin jini. To wane jini kuma kake nema, wanda uwata ba za ta ji ba? Na zauna na yi ta juya maganar, ban so inda ta kai ni ba. Na ji akwai wani gwaji da maza suke sawa a yi a ɓoye idan zuciyarsu ta raya musu wani abu game da cikin matansu. Ka tafi ciki yana ƙarami, ko Inna ba ta sani ba a lokacin. Sai ga shi ka ce kada a yi wa yaro komai sai ka yi magana. Komai fa ka ce. Wato ko rago kada a yanka, ko suna kada a raɗa, sai ka ga takarda ta ce naka ne?

In wannan ne a ranka, ka fito fili ka faɗa. Ni 'yar Mati Wanzam ce, ba a yi mini yankan baya. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, shi ya sa ban yanke hukunci ba, amma na kwana biyu tuwo ba ya wuce mini.

In kuma ba wannan ba ne, to me ya sa aka raba ka da biranka? Mutumin da ya bar matarsa da ciki saboda su, rana ɗaya a ce ya daina zuwa wurinsu? Yaya Hasana ta zo ta gan ni wuri-wuri, na ce mata an canza maka wurin aiki ne kawai. Buɗar bakinta sai ta ce ko wani ya cije ka, wai cutar biri ba ta jin maganin mutane. Na yi mata dariya, amma da ta tafi na kasa zama.

Ba zan je ko'ina a soka mini allura a kan abin da ban sani ba. Ka faɗa mini, sannan in je.

Ni ce,
Fadila

*

Borneo, ƙarshen Oktoba

Fadila,

Sallama. Ina fata ke da mutanen gida kuna lafiya. Ni ma ina ci ina barci, ba inda ke mini ciwo. Ki riƙe wannan kafin ki karanta sauran.

Wallahi abin da kika zata ko a mafarki bai taɓa zo mini ba. Na karanta na rasa inda zan sa kaina, na ga ɓoyon da na yi don in raga miki shi ya fi cutar da ke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga zancen.

A watan jiya alamomin hanta suka hau a jinin Ladi. Ita tana cin ayabarta, ba ki ce komai na damunta, amma awo ya wuce inda na saba gani a jinin masu lafiya. Muka zurfafa bincike, aka sami ƙwayar ciwon hanta. Da yake cutar mutum tana kama su, shugabar sansani ta ce a ɗebi jinin duk wanda ya taɓa kusantar kejinta. Aka gwada mu duka, ni kaɗai aka samu da ita. Ciwon hanta ne, nau'in da ake ce wa B. Dalilin raba ni da keji ke nan.

Na ɗanɗana zaman wanda ake zargi. Ba wanda ya zage ni, amma mai dafa mana abinci ya ware mini kofi, kuma in na shiga wuri sai hira ta canza. Ni ma na zargi kaina, na ce ko ni na cuci baiwar Allah da ɗanta.

Aka aika jinina da nata babban ɗakin gwaji a birni. Ita ƙwayar nan dangi-dangi ce, kowane yanki da irin nasa, kamar yadda ake gane mutumin Daura da tsagarsa. Sakamako ya nuna ta Ladi irin ta birai ce, da abarta ta zo daga daji. Tawa kuwa irin ta ƙasashenmu ce. Ban ba ta ba, ba ta ba ni ba, daga gida na taho da ita. Likita ya ce bisa alamu ta daɗe a jikina, wataƙila tun ina jariri. Wanda ya kamu yana babba yawanci jikinsa yana korarta. Jariri ne take zauna wa, ta yi shiru shekara da shekaru tana cin hanta.

Shi kuwa jariri yakan samu daga uwa wurin haihuwa, ko daga ƙarfen da ya taɓa jinin wani. A nan alƙalamina yake nauyi. Kin tuna yadda Ummata ta tafi, ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, aka ce sammu ne. Kin kuma san Kawu, tun da ma'aikatan lafiya suka yi wa wanzamai bita, sabuwar reza yake ɓare wa kowane baƙo. Amma mu 'yan gida ba ya yi mana da reza, ya ce raini ne a sa wa jininsa ƙarfen da ake yarwa a bola. Askar gado yake ciro mana, wadda ta yi wa Umma da shi kansa, ta yi mini, ta yi miki. Ita zai ɗauko ranar suna, da ƙugiyar cire belu da suke kwana a zabira ɗaya.

Ban ce ita ce ba, na ce ina jin tsoro. Ki yi gwajin don mu san ko kina ɗauke da ita. Akwai allurar rigakafi da ake yi wa jariri a ranar da aka haife shi, ki tabbata an yi. Sannan don Allah kada askar nan ta taɓa shi.

Naki,
Saminu

*

Daura, Nuwamba

Yaya,

Sallama. Kowa lafiya. Allah ya ba ka lafiya, wannan addu'ar da zuciya ɗaya na yi ta. Sauran abin da zan faɗa kuma ka yi haƙuri da shi yadda ya zo.

Da na gama karanta takardarka na yi kuka don tausayinka, daga baya na yi wani don haushinka. Ka fita daga zargin biri, sai ka waiwayo ka ɗora wa mutumin da ya goya ka a wuyansa zuwa kasuwar dabbobi. Da askar nan Baba ya ciyar da kai, da ita ya sayi littattafan da suka kai ka inda kake. Kakanmu ya yi aiki da ita har ya tsufa, ban ji an ce zuri'armu ta ƙare ba.

Duk da haka na je. Na ce wa Inna awo ne, na hau babur ni kaɗai. Likitar mace ce mai sauƙin kai. Da sakamako ya fito ta ce ba na ɗauke da ƙwayar, ba zan ba jariri ba. Amma akwai alamar cewa ta taɓa shiga jikina, jikin ya kore ta. Na ce yaushe? Ta ce jini ba ya faɗin rana, yana iya zama ina yarinya, yana iya zama bara. Na ce ta ina take shiga? Ta lissafa mini uwa da ƙarfe, yadda ka faɗa. Sannan ta ƙara ta uku wadda ka tsallake, ta ce tsakanin mace da namiji.

Me ya sa ka tsallake ta, Yaya? Ka iya zayyana mini jinin biri dalla-dalla, amma wannan ta kuɓuce maka? Kafin aurenmu ka yi shekaru kana karatu a Zariya da Ibadan, ban san da wa ka zauna ba. Duk can ƙasashenmu ne, in ji bakinka. Kai da kanka ka ce jariri take zauna wa, babba yana korarta. To aska ɗaya ta yanke mu muna jarirai, ta zauna maka, ni ta fita. Ashe ba zai yiwu a gidanka na same ta da girmana ba? Ina ta haɗa wannan da wancan, sai in ga biri ya yi kama da mutum, sai kuma in yi istigfari.

Ka kuma manta a wane gida nake, kuma wane ciki ne wannan. Ɗan fari ne. Ni ko kallonsa ba zan yi a gaban mutane ba, balle in ɗauke shi, balle in buɗe baki in ce ga abin da za a yi masa. Inna ce za ta karɓe shi, ni sai an rufe ɗaki a miƙo mini ya sha. Yaya Hasana har yau ba ta kiran sunan ɗanta na fari. A wannan halin kake so in tsaya gaban Baba in ce kada ya yi wa jikansa aski? Tun da na dawo yake cewa bana zai yi aikin da ya fi kowanne daɗi, ya ma sa an ɗinka wa zabira sabon baki. Kuma ka san unguwa. Ranar da aka ji Mati Wanzam an hana shi taɓa jikansa, wa zai sake kawo masa nasa?

In ka tabbata, kai ne uban yaro, ka kira shi ka faɗa masa da bakinka.

Fadila

*

Borneo, ƙarshen Nuwamba

Fadila,

Sallama, da fatan kin tashi lafiya. Alhamdu lillahi da sakamakonki, rabin nauyin ya sauka.

Kin yi gaskiya, na tsallake ta ukun, don na san inda za ta kai tunaninki, ga shi tsallakewar ta kai shi can da gudu. Na rantse da wanda raina ke hannunsa ban taɓa sanin wata mace ba sai ke. Ba ni da gwajin da zai nuna miki wannan, rantsuwar ce kawai. Mai yiwuwa ne daga gare ni kika samu bayan aure, in haka ne ki yafe mini, ban san ina da ita ba. Haka kuma ba ni da gwajin da zai nuna askar ce. Tana yiwuwa daga Umma na samu, aska ba ta da laifi. Amma Umma daga ina? Kuma ko Kawu yana da ita bai sani ba? Abin da ba mu sani ba ya yi yawa a gwada shi a kan jariri. Allurar farko ma ba ta gama kare shi sai an cika sauran.

Ranar da na gangara gari na lalubo lambar Kawu. Ya ɗauka, muka gaisa, ya shiga sa mini albarka, yana ba ni labarin sabon bakin zabira. Fadila, bakina ya ƙi. Na yi masa godiya na kashe. Ki kira ni matsoraci, na amsa. Zan sake gwadawa idan na sake fitowa.

An mayar da ni aiki wurin kejin birai, da safar hannu biyu. Yanzu ɗan Ladi muke so mu gwada, mu ga ko ya ɗauka daga gare ta, abin ya gagara. Nata hannun tana miƙowa, amma da ta ga allura ta nufi ɗan sai ta naɗe shi a ƙirji ta haye can sama, zuma ko kwalba guda ce ba ta saukowa. Su ba sa ajiye ɗa, ba sa miƙa wa kowa. Na tsaya ina kallonta, ke na tuna.

Damina ta sauka a nan, kogi yana cika. An ce idan ya yi ƙarfi kwalekwale yakan daina fita. In kin ji ni shiru, ruwa ne.

Naki har kullum,
Saminu

*

Daura, Disamba

Yaya,

Sallama. Muna nan lafiya, sai nauyi.

Wato biri ya fi ni sanin darajar ɗa ke nan? Ita Ladi ba ta da uba, ba ta da unguwa, ba wanda zai yi mata gori a gidan biki. Na tura maka wannan amsar a raina tun ranar, yau dai na rubuta.

Shirun ya yi yawa. Ka ce ruwa ne. Wata rana in yarda, wata rana in ce mutumin da ya kashe waya don tsoron kawunsa, ruwa ya zo masa a daidai. Kullum Baba ya dawo sai in dubi fuskarsa in ga ko ka kira, sai in ga yana fara'arsa.

Ka cuce ni da abu ɗaya, ka sa mini ido irin naka. Ranar Juma'a da hantsi na zauna bakin ƙofar zaure ina shan iska, Baba yana yi wa 'yan'uwansa askin masallaci kamar yadda ya saba. Ya ciro askar gado. Ya yi wa Baffa Kabo, ya ɗan yanke shi a ƙeya, jini ya tsattsafo. Ya goge askar a tsumma, ya wasa ta a fata, ya kira Baffa Auta. Bayan shi ya gyara nasa gemun da ita, ya naɗe ya mayar zabira kusa da ƙugiya. Tun ina rarrafe nake ganin wannan, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Da ya shigo cin abinci na kama kaina ina leƙen farin idonsa. Ya ce, "Lafiya, 'yar nan?" Na ce lafiya lau. Ni da ubana, Yaya.

Ban ce na yarda da kai ba. Haihuwa ko yau ko gobe. Ka kira shi.

Fadila

*

Daura, ƙarshen Disamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Na sauka lafiya, namiji ne, a asibiti. An yi masa allurar kafin mu fito. Yana da goshinka, don haka wancan zancen ya mutu ko da akwai shi.

Takardata na nan a waya ba alamar ka buɗe. Zan ƙara da wannan, duk ranar da koginka ya janye ka karanta.

Kwana biyu da dawowarmu, bayan azahar, na ji ƙarar dutsen washi daga zaure. Inna ta ce gobe da safe za a cire belu. Na duba waya, ba kai. Na yafa zane na fita, Inna tana kira, "Ke mai jego, ina za ki?" Na tarar da shi shi kaɗai, ya shimfiɗa kayan a kan buzu. Wannan karon na durƙusa.

Ya ce, "Me ya fito da ke da ɗanyen jiki?"

Na ce, "Baba, alfarma nake roƙo. Kada a sa wa yaron nan ƙarfen gida. Belun a bar masa, askin kuma a yi da sabuwar reza."

Ya yi dariya, ya ɗauka shirmen asibiti ne. Ya ce, "Reza ta baƙi ce. Wa ya gaya miki wannan?"

Na so in ce likita, na so in ce ni na ga dama. Amma ban iya yi masa ƙarya ba. Na faɗa masa komai, ciwonka, gwajin da aka yi, nawa sakamakon, da cewa ba wanda ya tabbatar askar ce. Ya saurara bai katse ni ba. Da na zo kan yadda ciwon yake cin hanta a ɓoye, ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, sai na ga hannunsa ya tsaya a kan dutsen. Ban ambaci Gwaggo ba, wallahi ban ambace ta ba. Ya ɗauki askar. Sannan ya ce, "Ita ma ƙanwata, da wannan na yi mata ƙaho sau da dama da hannuna. Ni na kashe ta ke nan?"

In ce a'a, ban sani ba. In ce e, ban sani ba. Ya naɗe kayansa ya ce in koma ɗaki kada iska ta shige ni.

Ba a cire belu ba. Ranar suna tun da sassafe ya rataya zabira ya tafi garin Dutsi, wai ana kiransa kaciya. Inna ta ce ba wanda ya kira shi. Baffanka Sabiru ya zo da rago, ya ce kafin ka tafi ka bar wasiyya in namiji ne a sa sunan Kawu. Aka raɗa Muhammadu, sunan Baba na yanka, mai sunan ba ya nan. Baffa Kabo ne ya yi askin da reza. Da mata suka ga Baba bai yi ba, wata tsohuwa ta ce a ba ta yaron ta kai wa wanzamin bayan kasuwa ko 'yar tsaga ce a yi, kada a ce jikan wanzamai ya tashi ba shaida. Sai na fito tsakar gida na karɓe shi daga hannun Inna, na zauna da shi a cinyata a gaban kowa har magariba. Na ji abin da aka faɗa. An ce boko ya cire mini kunya, an ce ba a taɓa ganin irin wannan a gidan Mati ba. Yaya Hasana ta ƙi kallona.

Baba ya dawo washegari. Yana amsa gaisuwata, bai ɗaga mini murya ba. Amma bai ce a kawo masa takwaransa ya gani ba, Juma'ar da ta wuce kuma baffannina a wani wuri suka yi aski. Jiya na ji yana tambayar Inna, a hankali, wai a wane ɗaki ake ɗiban jinin a asibiti.

Yaronka na nan, ba ƙarfen da ya huda fatarsa sai allurar likita. Har yanzu ban san ko askar ce ba, ban kuma san ko ka faɗa mini duk gaskiyarka ba. Na zaɓi rantsuwarka ne a kan fuskar ubana, Allah yana gani.

Idan ka dawo, kafin ka shigo ka ɗauki ɗanka, a zaure za ka tsaya. Tambayar da Baba ya yi mini tana nan, ban amsa ba, na ajiye maka.

Ni ce matarka,
Fadila